Mutane ne ke jan ragamar ƙungiya, ko manufar da ta tara su?

Sakataren Ƙungiya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani da gogewa a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni watanni da dama. Ni ne sakataren wata ƙungiyar sa-kai da ke koya wa manya karatu da rubutu da yamma, bayan sun tashi daga aiki. Wata baiwar Allah ce ta kafa ƙungiyar, ta shugabance ta shekara 14, har zuwa bara da ta ajiye muƙamin saboda tsufa da rashin lafiya. Mun yi zaɓe cikin lumana, muka ɗora mutumin kirki mai ilimi, wanda babu mai zarginsa da son zuciya ko ha'inci. Manufarmu tana nan a shafin farko na kundin tsarinmu, ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba, kuma duk ɗan ƙungiyar da ka tsayar ka tambaye shi dalilin wannan aiki, zai faɗa maka ba tare da gargada ba.

Duk da haka, jikin kowa ya yi sanyi. Malamanmu na sa-kai sun fara makara, wasu sun daina zuwa ko sallama babu, taron wata-wata da a da muke kammalawa cikin sa'a guda yanzu yakan ci sa'a uku, a watse ba a tsayar da magana ba. Ɗaliban da muke yin abin dominsu sun lura, sun fara janye jiki su ma.

Wannan ya raba mu gida biyu. Wasu suna cewa tun farko ba manufa ce ta riƙe mu ba, kwarjinin wannan mata ne, don haka mafita ita ce a nemo wani mai irin kwarjininta. Wasu kuma suna cewa manufar ce ta jawo mu, ita kanta shugabar manufar ce ta ɗaukaka ta, abin da ake bukata kawai shi ne a tunatar da mutane abin da ya tara su. Tambayata ita ce: a haƙiƙa, mene ne ke tafiyar da shugabanci a cikin ƙungiya ko kamfani ko ma'aikata, mutanen da ke gaba ne, ko manufar da kowa ya yarda da ita? Ina tambaya ne domin amsar za ta nuna mana inda za mu zuba ɗan ƙarfin da ya rage mana.

Tsohon Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Abin da ya same ku tsohon al'amari ne, kuma masanin zamantakewar nan na Jamus, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya yi masa bayani mai gamsarwa. Ya ce mutane sukan yi wa shugaba biyayya saboda ɗayan abubuwa uku: ko don haka aka gada, ko don doka da tsari sun ba muƙamin iko, ko kuma don wata baiwa da suke gani a jikin mutumin kansa, wato kwarjini. Na ukun nan shi ya fi saurin motsa zukata, shi kuma ya fi saurin gushewa, domin ba a iya miƙa shi ga magaji kamar yadda ake miƙa hatimi da makullin ofis. Saboda haka duk ƙungiyar da aka gina a kan kwarjinin mutum ɗaya, ranar da ya tafi tana fuskantar zaɓi: ko ta mayar da abin da yake yi da halinsa ya zama ƙa'ida da aikin yau da kullum da kowa zai iya ɗauka, ko ta watse.

Ni ina tare da masu cewa manufa ce ginshiƙi, kuma hujjata ita ce tarihin ƙungiyar agaji ta Red Cross. A watan Yunin 1859 wani ɗan kasuwa daga Geneva, Henry Dunant, ya iso garin Solferino a arewacin Italiya jim kaɗan bayan ƙazamin yaƙi tsakanin sojojin Faransa da Sardiniya a gefe guda da na Austriya a ɗaya gefen, ya tarar da dubban raunanannu a yashe babu mai kula da su. Ya tattara mutanen yankin, akasari mata, suka yi jinyar kowa ba tare da tambayar ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Daga abin da ya rubuta bayan ya koma gida aka kafa kwamitin mutum biyar a 1863, shekara guda bayan nan kuma ƙasashe 12 suka sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta farko. To, ku dubi abin da ya biyo baya. A 1867 kasuwancin Dunant ya karye, bashi ya yi masa katutu, aka raba shi da kwamitin, ya bar Geneva, ya shafe shekaru cikin talauci har duniya ta kusan mantawa da shi, kafin a ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1901. Wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1864 har 1910 shi ne Gustave Moynier, lauya mai son tsari da rubutu, wanda ba shi da zafin zuciya irin na Dunant, kuma su biyun ba su jitu ba.

Mai kwarjinin ya fita shekara huɗu kacal bayan kafuwar ƙungiyar, amma yau ta haura shekara 160. Abin da ya rayu shi ne ra'ayin cewa raunanne a fagen yaƙi mutum ne kafin ya zama abokin gaba, kuma ya rayu ne saboda an samu wanda ya zauna ya mayar da shi yarjejeniya, da alama mai kariya, da rassa a ƙasashe, da horar da masu aiki. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, kuma idan maɗaurin mutum ne, ranar da ya tafi za a ga tsinke a warwatse. Shawarata ita ce kada ku ɓata lokaci kuna neman wata irinta, domin ko kun samu, kun jinkirta matsalar ne kawai zuwa ranar da ita ma za ta gaji.

Jami'ar Kula da Ma'aikata ta amsa:

Malam, ina girmama iliminka, amma a nan ban gamsu ba, kuma misalin da ka kawo ina ganin ni ya goya wa baya. Da babu Moynier, da ra'ayin Dunant ya tsaya a takarda. Ashe ke nan mutum ne ya maye gurbin mutum.

Na yi shekaru ina aikin ɗaukar ma'aikata da horar da su, kuma ban taɓa shiga wata ma'aikata da ba ta da kyakkyawar manufa a rataye a bango ba. Kamfanin makamashin nan na Amurka, Enron, ya rubuta wa kansa ɗabi'u huɗu, ciki har da mutunta jama'a da gaskiya, amma a watan Disambar 2001 ya durƙushe bayan an gano yadda shugabanninsa suka ɓoye basussuka suka ƙawata lissafi, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu da abin da suka tara don tsufa. Kalmomin da ke bangon ba su hana komai ba, domin ma'aikaci ba bango yake kallo ba. Yana kallon wanda aka ƙara wa girma da wanda aka kora, daga nan yake gane ainihin abin da ake so.

Ga kuma misali daga ɗaya ɓangaren. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol wanda wani ya sanya wa guba. Kamfanin Johnson & Johnson, mai yin maganin, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwannin Amurka, ya yi asarar kimanin dala miliyan 100, alhali ba a masana'antarsa aka sanya gubar ba. Ana yawan cewa takardar aƙidar kamfanin ce ta sa aka yi haka, wadda aka rubuta tun 1943, ta sanya masu amfani da kayan a gaba, masu hannun jari a ƙarshe. Amma 'yan shekaru kafin wannan masifa, shugaban kamfanin James Burke ya tara manyan jami'ansa ya ƙalubalance su cewa ko dai a yi aiki da takardar nan, ko a cire ta daga bango, aka yi ta muhawara a kai. Shi ya sa da ranar gwaji ta zo, an riga an san abin da za a fifita. Wannan takarda dai tana nan a 2010 lokacin da kamfanin ya janye magungunan yara masu yawa saboda sakaci wajen kula da inganci a wata masana'antarsa. Takarda ɗaya, mutane daban, sakamako daban.

Abin da nake so Malam Sakatare ya riƙe shi ne cewa mutane suna yarda da manufa ne ranar da suka ga wani ya yi asara dominta da idonsu. Ina da yaƙinin cewa tsohuwar shugabarku ta sha yin haka a gabanku, ta hana kanta hutu, ko ta ƙi wani abu mai daɗi saboda ɗalibanku. Sabon shugabanku mutumin kirki ne kamar yadda ka ce, amma kirki kaɗai ba ya tayar da mutum daga gida da yamma bayan ya gaji da aikin yini. Ku tambayi kanku ko akwai wani abu mai wuya da aka ga ya ɗauka tun da ya hau.

Injiniyan Masana'anta ya amsa:

Na karanta amsoshin Malam da Hajiya, na kuma lura da abu ɗaya: mai tambaya ya ce "mutane", amma duk maganar ta koma kan mutum ɗaya da ke sama. Malaman sa-kai da suka daina zuwa su ma mutane ne, kuma a hannunsu aikin yake.

A fannina akwai labarin da kowa ya sani. Kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki, da fashin zuwa aiki, da fitar da motoci masu lahani, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta bisa haɗin gwiwa da kamfanin Toyota, akasarin waɗanda aka ɗauka aiki kuma tsoffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa, aka tura wasunsu Japan suka ga yadda ake aiki a can. Ba a daɗe ba ingancin motocin da ke fita daga wannan masana'anta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Ma'aikatan su ne dai na da, ginin shi ne na da, kuma ba wani gwarzo mai kwarjini aka kawo ba. Daga cikin abin da ya sauya akwai wata igiya da aka rataya a kan layin haɗa motoci, wadda kowane ma'aikaci yake da ikon ja idan ya ga matsala, shugaban rukuninsa ya zo ya taimaka, idan ba a warware ba layin ya tsaya. A da, tsayar da layi babban laifi ne, don haka ko ma'aikaci ya ga kuskure sai ya bar shi ya wuce. Kowa ya san ana cewa inganci ne manufa tun kafin igiyar, amma sai da aka sanya manufar a hannun ƙaramin ma'aikaci, aka kuma tabbatar masa ba za a hukunta shi ba idan ya yi amfani da ita, sannan ta fara aiki.

Chester Barnard, wanda ya shugabanci kamfanin tarho na jihar New Jersey, ya yi bayani a 1938 cewa ƙungiya tana tsayuwa ne da abu uku: manufa ɗaya, mutanen da suka yarda su ba da gudummawa, da hanyar isar da magana a tsakaninsu. Ya kuma ce umarni ba ya zama umarni sai wanda aka ba shi ya karɓa. A bayaninka, Malam Sakatare, na farkon yana nan lafiya. Na biyu da na uku ne suka yi rauni, kuma taron sa'a uku da ba a yanke komai a cikinsa alama ce ta cewa babu wanda ya san wace magana ce tasa ya yanke. Wataƙila a da duk wata shawara wurin shugaba take komawa, ita kuma tana yankewa nan take saboda kowa ya amince da ita. Da ta tafi sai aka tarar ba a taɓa koya wa kowa yankewa ba.

Mai Bibiyar Tarihi ya amsa:

Ina so in ƙara wani gefe a taƙaice, domin ana maganar manufa kamar dutse ce da ba ta motsi. A 1938 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar shan inna, wadda daga baya aka fi sani da March of Dimes. Ita ta ɗauki nauyin binciken da ya kai ga allurar rigakafin Jonas Salk, wadda aka tabbatar da ingancinta a 1955. Manufar ta kusan cika ke nan, amma ƙungiyar ba ta rufe ba. A 1958 ta juya ga lahanin da ake haihuwar jarirai da shi. Mutanen da tsarinsu ne suka rage, suka zaɓi sabuwar manufa. Haka ma matuƙin nan mai binciken ƙasa, Ernest Shackleton, wanda ya fita a 1914 da niyyar ratsa nahiyar Antatika: ƙanƙara ta riƙe jirgin ruwansa ta murƙushe shi a 1915, sai ya ajiye burin farko ya ɗauki na mayar da mutanensa gida, kuma a 1916 duka mutum 28 na wannan jirgi suka tsira da ransu.

Wannan ikon sauya manufa yana da haɗarinsa. Masanin zamantakewa Robert Michels ya nazarci jam'iyyar 'yan gurguzu ta Jamus, ya nuna a 1911 yadda ƙungiyar da aka kafa don daidaito takan wayi gari a hannun 'yan tsiraru, waɗanda kare kujerunsu da ɗorewar ƙungiyar suka zame musu manufa. Don haka idan kun bi shawarar Malam kuka tsara komai a rubuce, ku sa ido kada kundin tsari da zaman kwamiti su cinye lokacin da ya kamata a ba ɗalibai.

Tsohon Malamin Jami'a ya sake amsawa:

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan Moynier, gaskiya ne cewa ra'ayi ba ya tafiya da ƙafarsa. Inda nake nan a kan bakana shi ne: Burke ya samu abin da zai ƙalubalanci jami'ansa da shi ne saboda wani ya rubuta shi shekaru da yawa kafin ya hau. Da babu wannan ma'auni, da jami'an sun ɗauki maganarsa a matsayin ra'ayin maigida kawai, wanda zai wuce idan ya wuce. Manufar da aka amince da ita ita ce kuma abin da na ƙasa zai riƙe ya ce wa na sama ya kauce hanya, kuma ƙungiyar da ba ta da wannan, duk inda shugaba ya juya can za ta bi, ko da rami ne.

Sakataren Ƙungiya ya dawo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Bayan na karanta maganar Hajiya da ta Injiniya, na je na gaida tsohuwar shugabarmu, na roƙe ta ta faɗa mini yadda take tafiyar da makonta lokacin da take kan aiki. Abin da na ji ya ba ni mamaki, duk da cewa shekara shida ina zaune kusa da ita. Duk malamin da bai zo aji ba, a daren ranar take kiransa, ba don ta yi masa faɗa ba, sai don ta ji ko lafiya. Duk ɗalibin da ya fara iya rubuta sunansa, takan sanar da malaminsa a gaban sauran malamai. Kafin kowane taro takan tuntuɓi waɗanda ta san ra'ayinsu ya saɓa, ta ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa taron ba ya tsawo. Ta kuma tuna mini lokacin da wani mai ba da tallafi ya nemi mu mayar da azuzuwan zuwa safiya domin su dace da shirinsa, ta ƙi karɓar kuɗin saboda ɗalibanmu da safe suna wurin neman abinci, muka yi wata huɗu muna aiki cikin ƙunci. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kundin tsarinmu, kuma babu wanda ya faɗa wa sabon shugaba cewa ana yin su.

Na zauna da shi jiya, ya saurara da kyau, muka amince za mu kawo jerin waɗannan ayyuka gaban taro mai zuwa, a raba su tsakanin mutum huɗu ko biyar, a kuma ba kowane malamin aji ikon yanke abin da ya shafi ajinsa ba sai ya jira kwamiti ba. Abin da har yanzu yake damuna, kuma zan so in ji ta bakin Hajiya a kai, shi ne kiran nan na dare. Malamanmu suna jin daɗinsa ne saboda sun san daga zuciyarta ya fito. Idan muka rubuta shi a matsayin aikin wani jami'i, aka san cewa jadawali ne ya sa ya kira, shin zai yi tasirin da yake yi a da?